Kafintan da Ya Gina Cocin Linkon a Jidda

Idan an sallame asuba a ƙaramin masallacin da ke bayan layin masu gyaran firji a Waziriyya, Mu'allim Abdulmajid Usuman ba ya komawa barci. Yakan dafa bango ya bi shi har ƙofar gidan da suke haya, ya tarar matarsa Zaituna ta riga ta fitar masa da benci, ta ajiye shayi da gurasar tamis a gefen dama, inda hannunsa zai same su ba sai ya lalluba ba. Kafin ya taɓa shayin sai ya ɗauki tsintsiya ya share gaban ƙofa, ko da babu abin sharewa. Daga nan ya zauna jira. Wata rana a kawo masa kujerar da ƙafarta ta saki, wata rana marfin kabad, wata rana abin ɗora Alƙur'ani da ya tsage. Yakan shafa abin da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, sannan ya ce wa mai shi, "Dawo bayan la'asar." Wata rana kuma ba a kawo komai. Haka zai zauna har rana ta kore shi ciki.

Masu wucewa tsoho makaho suke gani, mai gyaran kujeru. Ba su san cewa yawancin masu zanen gine-ginen da ofisoshinsu ke kallon teku a yau, a hannun wannan tsoho suka fara gane yadda dutse ke tsayawa a kan dutse ba. Shi ya sa nake wannan rubutu tun yana da ran da za a karanta masa ya ji.

Mahaifinsa, Malam Usuman, mutumin Haɗejia ne. Da ƙafa ya ratsa Cadi da Sudan, ya yi shekaru yana noman auduga a hanya, kafin jirgin ruwa ya sauke shi a tashar Jidda. Ya sauke farali, bai koma ba. A tashar ya samu aikin haɗa akwatunan kaya, a unguwar Gulail ya tayar da ɗaki biyu da hannunsa, a nan aka haifi Abdulmajid. Jidda ce ta haife shi, bai san wani gari ba, amma da iƙama, takardar zaman baƙo, yake zaune a cikinta tun yana saurayi har furfura. A wurin uban ya koyi zarto da guduma, ya kuma gaji wani hali: ba ya barin aiki ya fita daga hannunsa sai ya gyara ɓangaren da ba wanda zai gani.

Da wata kwalejin koyon zanen gini mai zaman kanta ta buɗe a arewacin gari, aka ɗauke shi ya riƙe warsha, wato ɗakin da ɗalibai ke yanka katako da kwali don haɗa siffar ginin da suka zana. Ya yi fiye da shekara ashirin a wannan ɗaki. Shi ke wasa kayan aiki, shi ke ɗaure wa wanda ya yanke yatsa, shi ke tsayawa da wanda aikinsa ya rushe ana gobe jarrabawa.

Wata safiya malamin tarihin gine-gine, Duktur Mazen, ya shigo warsha da naɗaɗɗun takardu a hammata. Mutumin Jidda ne da ya yi karatu a Ingila. Ya baza takardun a kan tebur, ya danne kusurwoyin da guduma da gwangwanin ƙusa.

"Ya mu'allim, na gaji," in ji shi. "Ina nuna musu hoto, suna barci. Ina so su riƙe abin da hannu. Za ka iya gina mini wannan da katako?"

Abdulmajid ya sunkuya. Dogon gini ne mai hasumiya uku, tagoginsa masu tsini kamar bakin alƙalami. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

"Ya duktur, wannan ai kanisa ce."

"Kanisa ce. Babban cocin garin Linkon. Ya kusa shekara dubu a kan tudu."

"Ni ɗan alhaji ne. Me zan ce wa mutanen unguwa?"

"Ka ce musu kana koyar da yara yadda rufin dutse ke tsayawa ba ƙarfe ba siminti. Ka yi tunani tukuna. Ba dole."

Duktur zai naɗe takardun ke nan idon Abdulmajid ya faɗa a kan zanen rufin daga ciki. Haƙarƙarin dutse suna tasowa daga ginshiƙai, suna lanƙwasa, suna haɗuwa a tsakiya. Tun yana yaro mahaifinsa ke zana masa irin wannan a ƙasa da tsinke, yana ba shi labarin sorayen gida: bakan gizo, ɗaurin guga, yadda magina ke ɗaure azara su lulluɓe da ƙasa har rufi ya rataya a sama kamar ƙwarya a kife. Bai taɓa ganin soron ba, sai ga shi a takardar Turawa.

Ya kai maganar gida. Zaituna, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, ta ce, "Ya Abu Hind, ni ban san gini ba. Je ka tambayi liman." Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ilimi ne, ba wurin bauta zai gina ba, amma kada ya sassaƙa gicciye ko siffar mai rai. A kan haka ya karɓi aikin.

Shekara takwas ya yi yana yinsa, a tsakanin sauran ayyukan warsha. Da katakon zan ya yi, mai ƙarfi, mara tsagewa. Tsawon ginin ya fi na mota, hasumiyar tsakiya kuma ta ɗara mutum a tsaye. Duktur Mazen yakan zo da shayinsa ya zauna a kan akwati yana ba shi tarihin, shi kuma yana sassaƙa. Ya ji yadda Normawa, bayan sun ci Ingila da yaƙi, suka kafa harsashin ginin a 1072, da bango mai kauri kamar ganuwa. Wuta ta cinye rufin. Aka gyara. A 1185 girgizar ƙasa ta tsaga shi daga sama har ƙasa. Aka sake tayar da shi da sabuwar dabara: baka mai tsini maimakon mai zagaye, bango siriri, manyan tagogi, sai aka jera dogarai a waje suna miƙo hannun dutse su tokare bangon. Hasumiyar tsakiya ta rikito bayan shekara hamsin da 'yan kai. Aka sake ta, aka ƙara mata tsawo, aka ɗora mata tsinin katako lulluɓe da dalma, har ake cewa a lokacin babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya. A 1548 iska ta kayar da tsinin. Shi kam ba a mayar ba.

"Kuma waɗanda suka fara, sun ga ƙarshe?" Abdulmajid ya tambaya wata rana.

"Ko jikokinsu ba su gani ba."

"La haula. Amma suka zo aiki kullum."

Akwai wani sashe na rufin da ya hana shi sukuni. Haƙarƙarin ba su haɗu daidai ba, na dama ya wuce na hagu, kamar mai tafiya da ɗingishi. Ya rantse kuskuren mai zane ne. Duktur ya yi dariya har da tari, ya ce a'a, haka maginin ya yi da gangan, Turawa ma mahaukacin rufi suke kiransa. Abdulmajid ya girgiza kai ya ce, "Ashe can ma akwai mu'allim mai taurin kai." Ya yi shi yadda yake, da ɗingishinsa.

Abin da ɗalibai ba sa mantawa shi ne tsakiyar zauren. Wannan sashe bai sa masa gam ko ƙusa ba. Kowane dutse ɗan guntun katako ne mai zaman kansa. Yakan sa su jera baka a kan gadon katako, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, har a zo na tsakiya wanda yake kira makulli. In an sa makulli sai ya ce, "Yalla, zare gadon." Su zare suna rufe ido. Baka ta tsaya ita kaɗai a iska. Sai ya sa ɗaya ya janye dogari guda daga waje. Bango ya buɗe a hankali, rufi ya zubo ƙwaram a kan tebur, ɗalibai su yi ihu. Shi kuma ya ce, "To, girgizar ƙasa ta zo. Ku tattara, a sake." Bayan wannan ba wanda ke sake tambayar amfanin dogari.

A unguwa kuwa ya biya farashi. Labari ya bazu cewa ɗan Malam Usuman yana gina wa Nasara kanisa. Yara suka sa masa suna Abu Kanisa. A da in liman bai zo ba shi ake turawa gaba. Wata magariba ya matsa zai shiga, wani dattijo ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Bari wani ya ja." Ya koma sahu. Bai sake matsawa gaba ba.

Amma da wani ruwan sama mai ƙarfi ya jiƙa unguwar, bangon ɗakin Hajiya Sajida, gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin layi, ya kumbura ya yi ciki zuwa waje, ita da jikokinta suna kwana a ƙarƙashinsa. Abdulmajid ya zo ya duba, ya fitar da su, ya kwashe ranakun hutunsa yana jera bulo. Ya tayar da dogarai biyu a waje, ya ɗora wa kowanne nauyi a ka don ya danne shi ƙasa, yadda ya ga an yi a zanen. Bangon ya tsaya. Hajiya ta kawo masa ƙullin zani da abin da ta tara, ya mayar mata da shi a rufe.

"Hajiya, in kin soya ƙosai ki aiko da zafinsa. Halas."

Daga nan duk wanda bangonsa ya tsage sai a ce a kira Abu Kanisa. Sunan bai fita ba, amma dafinsa ya fita. Wanda ya bi layukan Gulail a waɗannan shekarun zai tuna gidajen nan masu ƙafafu a waje. Har ɗan dattijon da ya riƙe masa riga, shi ya tokare masa bangon kicin.

Kai ne, Mu'allim, wanda aka janye daga gaban sahu, ka je ka tokare bangon waɗanda suka janye ka. Gwanin zarto, ɗan Usuman na Haɗejia. Ban taɓa jin ka ambaci wannan magariba ba. Zaituna ce ta gaya mini.

Cikin ɗaliban akwai wata Areej, mai shiru, hannunta na rawa in ta riƙe wuƙar yanka kwali. Wata rana ta ji shi yana yi wa wani katako faɗa da Hausa. Ta matso a hankali.

"Ammu... kai Bahaushe? Sitti na, kakata, haka tana magana."

"Ke ma kina ji?"

"Ina ji. Faɗi ne sa'ab, da wuya."

Ta gaya masa za ta bar kwalejin, wai kanta ba na gini ba ne. Bai yi mata wa'azi ba. Ya tura mata kwandon guntayen katako, ya ce ta tayar masa da baka kafin ta tafi. Ta jera, ta zube. Ta sake, ta zube. Yana can gefe yana wasa cizal kamar bai san tana wurin ba. Da ta tsaya mata a ƙarshe, ta zare gadon ta ga abin bai motsa ba, sai ta fashe da kuka. Ya ce, "Gobe ki zo ki ɗora ta biyu." Ta zo. Ta gama karatu cikin na gaba-gaba.

Daga nan al'amura suka fara gangarowa, kuma ba su tsaya ba.

Duktur Mazen ya rasu bayan gajeruwar jinya. Ciwon sukari ya taɓa idon Abdulmajid. Da farko layin fensir ne ya daina gani a kan katako, sai ya koma auna komai da farce. Kwalejin ta canza hannu. Sababbin shugabanni suka sayo injunan da ke fitar da siffar gini da roba kai tsaye daga kwamfuta, suka ce ɗakin warsha za a mayar da shi nasu. Aka kira shi ofis, aka yi masa godiya, aka ba shi agogon bango. Wani ya ce, cikin ladabi, cocin katakon ya ci wuri, in yana so ya ɗauka, in ba ya so za a san yadda za a yi da shi.

Shi kaɗai ya kwance shi, sashe-sashe, ya naɗe kowanne a tsohuwar jarida, ya jera a akwatuna. Ya kai Gulail, ya cika ɗakin da mahaifinsa ya rasu a ciki. Mijin 'yarsa Hind, da ke zaune a Madina, ya zame masa kafili, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, don kada iƙamarsa ta mutu. Ya ce wa Zaituna in ya huta zai sake haɗa shi, yaran unguwa su zo su koya.

Bai samu ya huta ba. A ƙarshen 2021 aka wayi gari an rubuta ikhla da jan fenti a bangayen unguwar: a tashi, za a rushe. An rubuta a nasu, an rubuta a na Hajiya Sajida, daidai kan dogarin da ya gina. Filin ba da sunan mahaifinsa yake ba, babu diyyar da zai nema. Aka yanke wuta da ruwa. Mutanen da suka yi shekara sittin suna jin tarin juna ta bango suka watse cikin 'yan makonni, wasu Makka, wasu ƙauyukan bayan gari, wasu aka mayar da su ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Hajiya Sajida ta hau mota ba tare da an san inda ta nufa ba, har yau ba wanda ya ji ɗuriyarta.

Ranar da katafila ta shiga layinsu ya nace sai an kai shi. Wani maƙwabcinsu na Waziriyya, Lado, ɗan Gumel mai ɗaukar kaya da wanet, wato a-kori-kura, shi ya riƙe masa hannu. Idon Abdulmajid lokacin inuwa kawai yake gani. Suka tsaya daga nesa da hantsi, yana saurare.

"Wannan na wa ne ya faɗi?"

"Baba, wani gida mai koren fenti."

"Na Hajiya ne. Ya yi gardama?"

Lado ya ce, "A'a, Baba. Taɓawa ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Mu tafi."

A Waziriyya ɗaki biyu suka samu. Akwatunan ba su shiga ba, sai aka hau da su saman bene aka rufe da tamfal. Areej, wadda ta fara aiki a wani ofishin zane, ta yi ta yawo tana nema musu wuri. Wata makaranta ta ce abin ya yi kyau ƙwarai, amma iyayen yara za su yi magana. Wani gidan baje kayan tarihi ya ce ba na ƙasar nan ba ne. Tsofaffin ɗalibai da ta kira suka ce masha Allah, Ammu Abdulmajid, yana nan da rai? Za mu duba, in sha Allah. Daga nan ta samu gurbin ƙaro karatu a Ingila, ta zo ta sumbaci kansa ta tafi.

Ranar wata Alhamis a Nuwamban 2022 sama ta ɓalle a kan Jidda tun safe. Motoci suka yi ta yawo a titi kamar ƙoƙuna. Abdulmajid ya rarrafa matakala ya hau bene, Zaituna na bin sa tana roƙo. Iska ta riga ta yaye tamfal. Magudanar benen ta toshe, ruwa ya kai idon sawu. Ya durƙusa yana laluben akwatuna, yana ƙoƙarin ɗaga wanda ƙarti biyu suka hau da shi.

"Ya Abu Hind, don Allah sauko! Katako ne!"

"Na sani."

"Za ka faɗi ka bar ni da wa?"

Wannan ce ta saukar da shi.

Da rana ta fito suka shanya abin da za a iya shanyawa. Amma katakon zan in ya sha ruwa ba ya komawa yadda yake. Guntayen suka kumbura, suka murɗe. Ya gwada tayar da baka guda a kan tabarma, makulli ya ƙi shiga. Ya goge shi da samfefa, ya shiga, ya zare gadon, ta zube. Hasumiya ta rabe a tsaye. Sai fumfuna, sai gara. Bayan watanni mai gida ya hau ya ga ƙwarin sun fara bin ƙofar benen, ya ce a kwashe. Bai yi rashin kirki ba, gidansa ne.

Lado ya zo da wanet. Kafin ya tayar da mota ya leƙo ya ce, "Baba, ko in cire maka ɗaya ka ajiye? Ko ƙaramin nan mai taga."

"In ajiye in yi me da shi? Kai shi duka."

"Ina zan kai?"

"Inda ake kai irinsa."

Bai gaya wa Areej ba. Wata ranar bazara bayan la'asar wayar Zaituna ta yi ƙara. Areej ce, da hoto, tana haki kamar ta hau tudu.

"Ammu! Ka san ina nake? Ina ciki. Linkon. Wallahi ina tsakiya!"

Zaituna ta kai masa wayar dab da fuska. Ya buɗe ido iyakar buɗewa. Haske kawai, fari, ba siffa. Ya karɓi wayar ya kai kunne.

"Ban gani, ya binti. Ki yi shiru in ji."

Ta yi shiru. Ya ji takun mutane suna tafiya sama suna dawowa, ya ji tarin wani ya daɗe yana amsa kuwwa. Ya san tsawon wurin da lamba tun shekaru, amma sai a ranar ya ji shi.

"Sa hannunki a ginshiƙi. Da sanyi?"

"Kamar ƙanƙara, Ammu."

"Je wurin mahaukacin rufin. Ɗaga kai. Na dama ya wuce na hagu?"

Ya ji tafiyarta. Sai ta ce, "Ya wuce. Daidai naka. Wallahi daidai naka, ko kaɗan babu farƙ." Ta ja hanci, ta ci gaba da sauri, Hausa da Larabci a cakuɗe. Ta ce tana da albishir. In ta dawo ita da wata ƙawarta za su buɗe ofishinsu, sun riga sun kama wuri, falon gaba babba ne, nasa ne. Za a haɗa shi a can, shi zai zauna a kujera yana ba da umarni, ɗalibai su riƙa zuwa.

Zaituna ta ce ta ga bakinsa yana motsi kafin magana ta fito.

"Babu shi, ya binti."

"Kef babu?"

"Ruwa ya ci, gara ta ƙarasa. An kai bola."

Can ta ce, "Za mu sake. Ammu, su ma sun sake. Kai ka koya mana."

"Su da suka faɗi akwai masu ido a bayansu. Duktur ya tafi, zanen ya jiƙe, ni ma saura kaɗan. Ki kalla da kyau, ki kalla har da rabona. Ma'as salama."

Ya miƙa wa Zaituna wayar. Ranar bai ci abinci ba.

Areej ta dawo, ta zo ta gaishe shi da turare da dabino. Ofishin bai yiwu ba, aiki ya ja ta Riyad. Takan kira da salla.

Mu'allim, ba ni da abin da zan mayar maka. Unguwar da ka tokare fili ce yanzu, iska na wasa da leda a kanta. Warsharka ta zama ɗakin kwamfuta. Aikin shekara takwas yana ƙarƙashin shara a bayan gari. Ba zan yi maka ƙaryar cewa komai ya zama alheri ba, kai ma ba za ka yarda ba. Abin da zan iya kawai shi ne in faɗa a gaban mutane: kai ne ka yi. Kai ne ka tsaya da 'ya'yan mutane har hannunsu ya daina rawa. Kai ne ka sa gwauruwa da jikokinta suka yi shekaru suna barci ba tsoron bango. Kai ne ka gina abin da ba ka taɓa gani ba, wadda ta je ta gani ta ce babu bambanci. Mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa, ya jiƙan Malam Usuman da Duktur Mazen, ya ba Zaituna ladan haƙuri.

Ku kuma masu sana'a, tsofaffi da masu tasowa, ku yi koyi da shi: ku koyar da abin da ke hannunku tun hannun na aiki, ku gyara har inda ido ba ya kai wa, ko da ba a yi muku alkawarin zai ɗore ba. Shi ma ba a yi masa ba.

Sai ku da kuka zare gadon katako a gabansa kuna rufe ido. Na san wasunku za su karanta wannan a ofis mai sanyi. Ba ya neman komai a wurinku, ya wuce nan. Amma yana Waziriyya, bayan layin masu gyaran firji, kowa ya san ƙofar. Na san ranar da aka ce ya rasu za ku cika masallaci, ku yi ta rubuta alhini a waya. Kada ku jira ranar. Tun da na gaya wa Zaituna zan yi wannan rubutu, kowace Juma'a bayan la'asar takan cika babbar buta da shayi, ta jera kofuna a faranti, ta sa masa farar riga. Har magariba su biyu ke sha, sannan ta wanke sauran kofunan da ba a taɓa ba ta mayar cikin kabad.